Ɗinkin da Ba Ya Gudun Rana

Abu na farko da Gwaggo ke yi wa sabon yadi shi ne ta ɗiga masa ruwa. Kafin ta dubi zanensa, kafin ma ta tambayi nawa aka sayo shi, sai ta shimfiɗa bakinsa a tafin hannunta, ta tsoma yatsa a moɗa, ta saki ɗigo guda, ta zuba ido. Idan ɗigon ya nutse nan take ya bar duhun danshi, sai ta gyaɗa kai. Idan kuwa ya dunƙule ya tsaya yana ƙyalli kamar ruwa a kan ganyen gwaza, to yadin nan ya faɗi, ko da kyansa ya kai a yi ankon biki da shi. "Wannan na kwalliya ne, 'yar nan," haka take ce mini. "Mu mai ƙishirwa muke nema."

Gwaggo ba 'yar'uwar mahaifina ba ce, sunan da duk layinmu ke kiranta da shi ke nan. Tun ina firamare take ɗinka mana kayan salla da hijabin Islamiyya a kan tsohon kekenta Butterfly mai takawa, wanda babu ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. A 'yan shekarun nan ne ta ƙara wani ɗinki da ba a rataye shi a bakin ƙofa don talla, wato ƙunzugu mai wankuwa, wanda 'yan mata ke ce wa fad ɗin yadi. Na daɗe ina yi wa abin kallon aikin 'yan koyo. Guntayen ƙyallaye ne fa, a jera su, a bi da keke. Sai da na zauna yini biyu a gefenta ina miƙa mata almakashi sannan na yarda cewa rigar amarya ta fi shi sauƙi. Riga in ta ɗan karkace, mayafi ya rufa asiri. Wannan kuwa in ya kauce da rabin inci, wata yarinya ce za ta miƙe a cikin aji da tabo a bayan rigarta, kuma sai an yi da gaske kafin ta yarda ta sake taka ƙofar makarantar a makon nan.

Yadin da ya tsallake gwajin ruwa yana da sauran aiki a gabansa. Takan zaro zare biyu ko uku daga bakinsa ta ƙyasta musu ashana. Auduga zalla ci take yi kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke watsewa tsakanin yatsu. Wanda aka cuɗa da roba narkewa yake yi, ya nannaɗe, ya bar ɗan baƙin ƙulli mai tauri da warin ƙonanniyar leda. A Kantin Kwari akwai kowane iri, da mai kyau da mai kama da mai kyau, kuma a ido duk ɗaya suke. Ko bayan ta sayo na ƙwarai, ba ta kai masa almakashi sai ta wanke ta shanya, don sabon yadi na ɗauke da sitatin kamfani da ke hana shi shan ruwa, sannan auduga kan tsuke a wankin farko. In aka ɗinka kafin ta tsuke, duk abin ya yamutse kamar fuskar wanda aka tasa daga barci.

Lissafi ne ya kai ta ga wannan sana'a, irin wanda iyaye mata ke yi da dare bayan yara sun kwanta. Mace kan ga al'ada kusan sau 13 a shekara, kowane zuwa kwana 3 zuwa 7, kuma in ana son zama lafiya sai an riƙa canza auduga bayan awa 4 zuwa 6. A ɗauki gida mai uwa da 'yan mata huɗu da suka tasa. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta ɗauke harajin kayan masarufi daga kan audugar mata da ake yi a cikin Najeriya, amma galibin kayan haɗin audugar da dala ake shigo da su. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, sai audugar mata ta bi sahun shinkafa da taliya ta yi sama. To shinkafa ana iya ambatonta da babbar murya. A gidajenmu da yawa maigida ne ke cefane, kuma yarinyar da za ta iya tsayawa gaban babanta ta ce kuɗin littafi take so ba za ta iya buɗe baki ta faɗi wannan ba. Sai ta raɗa wa uwa, uwa ta auna fuskar maigida, ta ga yau ba ranar magana ba ce. Daga nan auduga ɗaya ta yini ta kwana a jiki, ko a koma ga tsumma, ko a yago soson tsohuwar katifa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata wajen miliyan 500 ne a duniya ba su da isassun kayan kula da kansu a lokacin haila. Nawa ne a layinmu kaɗai, Gwaggo ta fi kowa sani, don ita ake raɗa wa.

Shi ƙunzugu ba baƙo ba ne. Da tsohon zane kakanninmu suka yi zamaninsu, suka haifi iyayenmu lafiya. Amma zanen nan yana da aibu uku da kowace mace da ta taɓa amfani da shi ta sani: yana zamewa, yana yoyo, kuma ba ya samun rana. Duk gwanintar Gwaggo a kan waɗannan ukun take.

Ɗinkin hawa uku ne. Na sama, wanda ke taɓa jiki, yadin auduga ne mai laushi irin wanda ake naɗe jarirai da shi. Na tsakiya tawul ne, ninki biyu ko uku. Na ƙasa wani siririn yadi ne da aka shafe bayansa da leda tun daga kamfani, ruwa ba ya ratsa shi. In bai samu ba, yadin lema na iya tsayawa a madadinsa. Ledar kasuwa dai ba ta shiga ɗakin nan. Tana tara zafi, tana tsagewa bayan wanki kaɗan, kuma tana da baki. Na ga Gwaggo ta damƙe wani yanki a kusa da kunnenta tana saurare kamar mai gwada kankana. "In na ji shi, wadda ke zaune kusa da ita a benci ma za ta ji," in ji ta.

Dalilin zaɓen tawul kuwa, duk wanda ya taɓa gyara fitilar ƙwai ya san shi. Yadda lagwani ke jan kananzir daga ƙasa zuwa sama ta 'yan ƙananan hanyoyin da ke tsakanin zaruruwansa, haka gashin tawul ke jan ruwa ya rarraba shi ya riƙe. Likitoci na cewa jinin da mace ke zubarwa a haila guda bai cika wuce mililita 30 zuwa 40 ba, wato babban cokali biyu ko uku, in ya haura 80 ne ake cewa ya yi yawa. Ba yawan ba ne ke ba da wahala. Zuwansa ne ba ya sallama: ana zaune shiru, ana miƙewa sai ya taho gaba ɗaya. Don haka abin da ake nema shi ne yadin sama ya miƙa da sauri, tawul ya karɓa, kuma ruwan ya bi tsawo kada ya nufi gefe. Saboda wannan ne take jan layin ɗinki biyu ko uku daga gaba zuwa baya a kan tawul ɗin, kamar kunyoyin gona da ke nuna wa ruwan sama hanya.

A wajen yanka ma akwai dabarar da ban taɓa lura da ita ba sai da aka nuna mini. Ninkin tawul ɗin ba tsawo ɗaya take yanka su ba. Na biyu ya fi na farko gajarta da ɗan yatsa, na uku ya fi na biyu, sai bakin ya sauka a hankali kamar matakala. Da an yanka su daidai, da gefen ya yi tudu mai gurzar cinya, kuma ya nuna ta cikin tufafi. Zanen da take bi ta yanke shi ne a jikin kwalin taliya, guda huɗu rataye a ƙusa ɗaya, gefensu ya yi baƙi don shan alli da hannu. Akwai ɗan ƙarami na masu farawa, da matsakaici mai inci 10, da na dare mai inci 13 wanda bayansa ya buɗe kamar mafici, sai babba na masu jego.

Sai babbar ƙa'ida, wadda a kanta na ga an yi wa wata 'yar koyo darasi. Yarinyar hannunta na da kyau, ɗinkinta miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Ta haɗa hawa ukun gaba ɗaya, ta bi tsakiya da layi biyu masu tsabta, ta kawo tana murmushi. Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta yago farar takarda daga tsohon littafin awo ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora ɗinkin a kai, ta ɗebo cokali biyu na zobon da muke sha ta zuba a tsakiya, ta danna da tafin hannu. Da ta ɗaga, sai ga jajayen ɗige-ɗige jere a kan takardar, layi biyu, daidai sawun allura.

"Kin gani? Duk inda allura ta shiga leda, ƙofa kika buɗe."

"Anti, to yaya zan riƙe tawul ɗin kada ya motsa?"

"Ki ɗinke shi da na sama su kaɗai. Leda sai a baki-baki za ki taɓa ta."

Ko allurar maƙalawa ba ta yarda a soka wa ledar. Da maƙalan shanya take kama ninkin, ta kifa fuska da fuska, ta zagaye bakin da ɗinki mai ɗan faɗin taki don hudar ta yi kaɗan, ta bar ƙofa mai faɗin yatsu biyu. Sai ta ɗan tsattsaga lanƙwasar da bakin almakashi don kada ta tattare, ta juyo cikin waje ta wannan 'yar ƙofa, ta tura kusurwoyin da gindin biro, ta goge ta ɓangaren auduga da dutsen guga mai ɗumi kawai, sannan ta sake zagayawa da ɗinki na biyu da zai rufe ƙofar ya kwantar da bakin. Daga ƙarshe fukafukai biyu da ke naɗe ɗan kamfai su sami maɓallin dannawa. Nan ne maganin zamewa. Kuma nan ne ta gano wani abu da ba a rubuta a kowane kwali ba: fukafuki sai da abin da zai kama. Akwai yaran da ɗan kamfai ɗaya gare su, ko babu. Yanzu in uwa ta zo saye, Gwaggo kan rage murya ta tambaya, in ta ji shiru sai ta ƙara biyu a ƙullin, a daidaita kuɗin daga baya.

Duk wannan, tela mai haƙuri zai iya koyonsa a mako. Abin da ya sa nake ganin Gwaggo ta yi wa sauran nisa shi ne ba jikin mace kaɗai take aunawa ba, har tsakar gidan da matar za ta koma take aunawa.

Na farkon da ta ɗinka guda ɗaya ne dunƙule, mai kauri, mai kyau, ba ya yoyo ko kaɗan. Bayan wata biyu sai ƙorafi ya fara dawowa: yana wari, yana sa ƙaiƙayi. Ta bincika yadin, lafiya lau. Sai da ta tambayi wata mai haya a gidan yawa inda take shanyawa, matar ta sunkuyar da kai ta ce a bayan ƙyauren ɗaki, wani lokaci ƙarƙashin katifa. To ina za ta shanya? Igiya ɗaya ce a tsakar gida, ɗaki takwas ke amfani da ita, mazan gida na wucewa, almajirai na shigowa, mai ruwa na shigowa, kuma siffar abin kaɗai ta isa ta faɗa wa kowa ko mene ne. Ga kuma tsohon tsoron nan da aka shayar da mu, cewa in wani ya sami ƙyallen mace zai iya yi mata sammu da shi. Ƙyalle mai kauri da ya kwana a duhu da danshi kuwa gona ce ta ƙwayoyin cuta. Wato ɗinkin bai yi laifi ba, amma an yi shi ne don gidan da ba a jin kunyar igiya, kuma irin wannan gida bai yi yawa ba.

Sai ta raba shi biyu, ta sa musu suna uwa da 'ya'ya. Uwar siririya ce, ita ke da ledar da fukafukan, da ɗan aljihu a kowane ƙarshe. 'Ya'yan kuwa ƙyallaye ne masu kusurwa huɗu, na auduga mai laushi, tsakiyarsu ninki biyu. A ninka ɗaya gida uku, a soka bakinsa cikin aljihunan, shi ke nan. Ranar da jini ya yi yawa a haɗa biyu. In lokacin canji ya yi, ɗan kawai za a zare a sa wani, uwar na nan. Kuma in aka wanke ɗan aka warware shi a kan igiya, hankici ne. Mai fure-fure, ja da ruwan goro da shuɗi mai duhu, launukan da tabo ke ɓacewa a cikinsu. Wanda aka shanya da hantsi kafin la'asar ya bushe ƙayau.

Ba a ɗakinta aka haifi wannan fasali ba, ita ma ba ta ce haka ba. Ƙungiyar Days for Girls, wadda wata Ba'amurkiya mai suna Celeste Mergens ta kafa a 2008 bayan ta ji cewa 'yan matan wani gidan marayu a Kenya kan zauna a kan kwali a ɗaki har kwanakinsu su wuce, ita ce ta yaɗa shi a ƙasashe da dama. Su ma ba da shi suka fara ba. Sun fara da audugar yarwa, aka rasa inda za a zubar. Suka koma farin ƙyalle mai siffar auduga, 'yan matan suka ƙi shanya shi a fili. Sun sake fasalin sau da yawa kafin su iso ga mai kama da hankici. A Yuganda ma kamfanin AFRIpads ya kafa masana'anta a yankin Masaka, inda matan karkara ke ɗinka irin mai wankuwa ana kai wa makarantu da sansanonin gudun hijira. Guda ɗaya irin na uwa da 'ya'ya ne ya faɗo hannun Gwaggo ta wajen wata ɗaliba da aka raba musu a makaranta. Ta roƙi aro, ta farke shi ɗinki-ɗinki da reza, ta ga cikinsa, ta mayar yadda yake kafin gari ya waye.

Na taɓa yi mata gardama a kan wannan. Na ce ai ɓad da kama miƙa wuya ne. In muna so a daina ƙyamar haila, me ya sa za mu sa wa ƙyallenta rigar hankici? Ta ci gaba da taka kekenta ta ce, "Ke ki je ki gyara mutane, 'yar nan, Allah ya ba ki sa'a. Ni yarinyar da za ta shiga aji gobe da ƙarfe takwas nake ɗinka wa." Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a maganata, amma tata ta fi tawa amfani. Kuma na lura da abin da ban zata ba. Da ƙyallen ya hau igiya, matan gidan sun san ko mene ne, kuma a gindin igiyar ake fara tambaya: wa ya ɗinka miki, nawa ne, kwana nawa kike yi, ke ma kina ciwon mara haka? Maganar da shekara da shekaru ba a yi ba, sai ga ta ana yi ana tsinke zogale.

Akwai wani ƙari da yake nata ne ita kaɗai, kuma shi ya fi burge ni. A kowane ƙulli, a ƙarƙashin masu furen, akwai ɗan farin ƙyalle tas, bai kai tafin hannu ba. Launi mai duhu yana ɓoye tabo, amma mace Musulma tana buƙatar ta gani, don da gani take sanin ta yi tsarki, ko da bushewa ko da farin kumfa, ta yi wanka ta koma salla da azumi. Wanda ya zana fasalin a wata ƙasa ba lallai ya yi wannan tunani ba. Wadda ta yi karatun Ahalari tana yarinya ba za ta manta ba. A cikin ɗan littafin nan, wanda da shi yawancinmu muka fara fiƙihu, an kasa mata gida uku a babin haila, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki, har aka ƙayyade wa mai farawa kwana 15. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa mata kan aika wa Nana A'isha ɗan guntun auduga mai alamar fatsi-fatsi suna tambaya ko sun yi tsarki, ita kuma ta ce kada su yi gaggawa. A duba fa: aikawa suke yi da audugar kanta, a duba a ba su amsa. Malam kan karanta wannan babi a zaure, gaban dattawa da samari, babu mai sunkuyar da kai. Sai an shigo cikin gida ne kalmar ke yin nauyi, ta koma "baƙon wata" da "fashin salla" da "ba ta da lafiya". Wannan kunya a gida muka ƙirƙiro ta, ba daga littafi muka ɗauko ba.

Ba ta sakin ƙulli sai ta yi bayanin wanki, ko da mai sayen na sauri. Ruwan sanyi, in ji ta, har abada ruwan sanyi, don zafi dafa jini yake yi kamar yadda yake dafa ƙwai, ya kama zaren ya ƙi fita. A jiƙa a cikin roba mai murfi, a murje da sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fito fari, a kai rana. Ban da bilic, yana cinye audugar ya kashe ledar. Da damina in rana ta yi rowa, a bi 'ya'yan da guga, uwar kuwa a bar ta ta sha iska. Takan haɗa da hadisin da Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito, na matar da ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da jinin haila da ya taɓa tufa, aka nuna mata ta kankare ta wanke da ruwa ta yi salla da tufar. Tufar da aka wanke ta tsarkaka, ba abin ɓoyewa ba ce. Ba a aro, ko tsakanin ya da ƙanwa, shi ya sa in gida ɗaya ya sayi ƙulli uku takan yi wa kowanne alama da zare daban a kusurwa: wannan kore, wannan rawaya, wannan baƙi. Sannan ga 'yar jaka mai leda a ciki, wadda ɗaliba za ta ninke wanda ta cire ta saka har ta dawo gida.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, da yawanmu mun ga Pad Man na Akshay Kumar da ya fito a 2018. Labarin Arunachalam Muruganantham ne, mutumin Coimbatore da ya ga matarsa na amfani da tsumma, ya sha shekaru yana gwaji har ya ɗaura wa kansa robar ƙwallo cike da jinin akuya don ya ji yadda audugarsa ke aiki, mutanen garinsu suka ɗauka ya taɓu, kafin ya ƙera ɗan injin da ƙungiyoyin mata ke yin auduga mai rahusa da shi. Gwamnatoci ma sun motsa. Kenya ta cire haraji tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar raba auduga kyauta ga ɗalibai mata a makarantun gwamnati. Indiya ta soke nata harajin a 2018. Sukotlan ta zartar da doka a 2020 da ta mayar da kayan haila kyauta ga duk mai buƙata. Tun 2014 ake ware 28 ga Mayu don ranar tsaftar haila, 28 don kwanakin zagayowarta, watan biyar don kwanakin da aka fi yi. A irin wannan rana akan yi taro a raba fakiti ɗaya-ɗaya a ɗauki hoto, kuma madalla da hakan. Sai dai fakitin kan ƙare a watan Yuni. Ƙullin Gwaggo, in an kula da shi, yakan kai shekara biyu.

Kada in yi mata ƙarya, ɗinkin nan yana da iyaka, ita ce ma ta fara faɗa. Ruwa yake ci. A unguwar da jarka ɗaya ke da farashi, kuma ita za a sha a dafa a yi alwala, ruwan jiƙo da ɗauraya ba ƙaramin abu ba ne. Sabulu ma kuɗi ne. Makarantar da banɗakinta ba ƙofa ba buta, ko da zinare aka ɗinka ƙunzugun yarinya ba ta da inda za ta canza. Wadda ke zubar da jini fiye da kima, ko ciwon mara ke kayar da ita duk wata, asibiti take buƙata, ba tela ba, kuma na ji Gwaggo ta faɗa wa wata haka ba tare da kwana-kwana ba. Ribar kuwa ba ta kai ta ɗinkin atamfa ba. Da ragowar yadi da tawul ɗin dila take rage tsadar, ta tafasa tawul ɗin ta shanya kafin ya shiga aiki.

Yini na biyu, dab da magariba, wani mutum ya yi sallama a zaure. Ɗan adaidaita ne, ya bar mashin ɗinsa a bakin layi. Yaron da aka aika ya dawo ya ce wai ya zo karɓar saƙon gida. Gwaggo ta ɗauko ƙulli uku da ta riga ta naɗe a baƙar leda, ta yafa mayafi ta fita, ni kuma ina jiyo su daga bakin labule.

"Malam, na yaran ne. Mai koren zare na babbar, kada su haɗa."

"To, Hajiya."

Ya ƙirga kuɗin ya miƙa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce uwar tasu ta rasu bara, ƙanwarsa ce ta ce ya zo nan, kuma ba ta gari. Ko akwai abin da ya kamata ya faɗa musu?

Gwaggo ta ce ya turo mata babbar gobe bayan Islamiyya, za ta nuna mata komai. Kafin nan ya riƙe abu biyu.

"Ruwan sanyi. Kuma a rana za su shanya, a igiyar tsakar gida, kada ka bari su kai ɗaki."

"Ruwan sanyi," ya maimaita. "A rana."

Ya soka ledar a ƙarƙashin hammata ya fita. Gwaggo ta dawo ta zauna, ta lashi bakin zare ta nufi kafar allura da shi, ta ce in matso mata da fitila.